Samuel Ajayi Crowther, Yaron da Aka Sayar a Ikko

Karatun wannan darasi: Farawa 45:1-15, Yohanna 8:31-36, Romawa 5:1-11.

'Yan'uwa masu taruwa domin karatun Maganar Allah a Agege, da Idi-Araba, da Obalende, yawancinku baƙi ne a Ikko. Wani shanu suka kawo shi, wani goro, wani aikin gadi, wani kuwa tashin hankali ne ya kore shi daga garinsu. Kowa ya zo da abin da ya ke nema, kowa kuma yana tsammani ran da ya same shi hankalinsa za ya kwanta. Saboda wannan muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani baƙo wanda ya riga ku zuwa garin nan da shekara 200. Shi da igiya a wuya aka kawo shi. A Ikko aka sayar da shi ga Turawa, a Ikko kuma aka binne shi bayan shekara 70, yana Bishop na Ekklesiyar Kristi.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Osogun, wani gari cikin ƙasar Oyo. A kwanakin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi kuwa ya zama sana'a, gama Turawan Fotugal suna bakin teku suna sayen mutane. Wata safiya a farkon shekara ta 1821, mata suna shirin karin kumallo, sai mayaƙa suka kewaye garin. Cikinsu akwai Musulmin Oyo, da Fulani, da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Kafin rana ta take an cinna wa garin wuta. Aka kama Ajayi tare da uwarsa Afala da ƙannensa mata biyu, ɗayarsu jaririya ce. Ubansa ya tafi wurin tsaron gari, bai ƙara ganinsa ba har abada.

Aka fara musanya yaron da doki. Bayan wata biyu mai dokin ya fasa ciniki, aka komo da shi. Ya sami 'yan watanni kusa da uwarsa, sa'an nan wani maraice aka ɗaure shi aka tafi da shi kasuwar Ijaye ba ko sallama. Wata mace ta saye shi, daga hannunta ya shiga wani hannu, har aka yi musanyarsa da barasa da taba. Tsoron kada a sayar da shi ga Turawa ya hana shi cin abinci, ciwo ya kama shi. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa sau da dama ya so ya shaƙe kansa da igiya, amma zuciya ba ta kai shi ga ƙarasawa ba. Yaro ne fa ɗan shekara 12 ko 13. A ƙarshe aka sa shi cikin kwalekwale aka ƙetare da shi zuwa Ikko, shi da bai taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Nan aka zura sarƙa guda ta cikin ƙarfen wuyan manya da yara gaba ɗaya, aka kulle su cikin ɗaki. Da dare in manya suka ja sarƙar domin su sami wurin kwanciya, wuyan yaran ne ke shan rauni.

Cikin watan Afrilu na 1822 aka ɗora su cikin jirgin Fotugal, su kusan 190. A ranar da jirgin ya tashi, jiragen yaƙi biyu na Ingila masu farautar masu fataucin bayi suka tare shi. Ajayi bai san ceto ya zo ba. Sa'anda aka kai shi cikin jirgin Ingila ya ga harsasan igwa a tare wuri ɗaya, ya ɗauka kawunan 'yan'uwansa ne. Ya ga naman alade a rataye, ya ɗauka namansu ne. Sai da ya ga kofato tukuna ransa ya komo. Cikin watan Yuni aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda a ke zaunar da 'yantattun bayi. Mutanen mishan na C.M.S. suka karɓe shi, suka koya masa sassaƙa da karatu, cikin wata shida kuwa ya iya karanta Sabon Alkawari.

A nan ne mu ke roƙonku ku dakata, gama wurin nan shi ne dalilin darasinmu. Duk abin da yaron nan ya yi kuka dominsa ya samu. An cire masa sarƙa, yana ci yana ƙoshi, yana da tufafi, ba mai iya sayar da shi kuma. Da a ce damuwar ɗan Adam daga waje kaɗai ta ke, da labarin ya ƙare ke nan. Amma cikin wasiƙar da ya rubuta a 1837, inda ya ba da labarin kamunsa, ya shaida cewa wajen shekara ta uku bayan an 'yanta shi daga hannun mutane ya gane yana cikin wata bauta wadda ta fi ta fari muni, watau bautar zunubi da Shaiɗan. Babu wanda ya fi tsohon bawa sanin ma'anar kalman nan. Ya san bawa ba ya zuwa inda ya ke so, ba ya kuwa iya fansar kansa, sai wani daga waje ya zo. Da ya duba zuciyarsa ya iske haka ta ke. Jirgin Ingila ya raba shi da mai sayensa, amma bai iya sulhunta shi da Mahaliccinsa ba.

Mun lura mutane da yawa suna tsammani masu shan wahala ne kaɗai ke bukatar Allah, ran da wahala ta wuce kuwa bukata ta wuce. Ajayi ya gane bukatarsa sa'anda wahalar ta riga ta wuce. Muddin cikinsa na jin yunwa, wuyansa na jin ƙarfe, yana da abin da za ya ɗora wa laifin rashin kwanciyar ransa. Da aka kawar da waɗannan, rashin kwanciyar rai bai tafi ba, sai ya ga asalinsa. Abin da Ubangiji ya faɗa wa Yahudawa cikin Yohanna sura 8 ke nan, su da su ke taƙama ba su taɓa yin bauta ba. Manzo Bulus kuma cikin Romawa sura 5 bai fara da kwanciyar rai irin wadda mutum ke ji ba. Ya fara da gaba wadda ke tsakanin mutum da Allah, da yadda mutuwar Kristi ta kashe gaban nan tun muna masu zunubi. Salamar da ya ke magana a kanta sulhu ce wadda Allah da kansa ya ƙulla, mutum kuwa karɓarta ya ke yi ta wurin bangaskiya. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi wa Ajayi baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin Ekklesiya na Landan.

A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, ita ma 'yantacciya ce, wadda aka sa wa suna Susan, suka zauna tare shekara 50 da ɗoriya. Ya yi aikin koyarwa har 1841, sa'anda gwamnatin Ingila ta aiki jirage uku su hau Kwara. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar, Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse. Amma a cikinta ne su biyun suka sa hannu ga koyon Hausa, gama sun iske ita ce harshen fatake a dukan bakin kogin. Schön ya riƙe aikin Hausa har ƙarshen ransa. A 1843 ya buga littafin kalmomin Hausa, daga baya kuma ya juya Bishara ta Matta da littafin Farawa da taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe 'yantacce. Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, farkon aikinmu yana cikin jirgin nan.

Aka naɗa Crowther limamin Ekklesiya a Landan a 1843, a 1846 kuwa ya shiga Abeokuta da bishara. Bai yi wata guda a garin ba aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, bayan shekara 25. Suka riƙe juna suna kallon juna, hawaye na zuba, magana ta gagara. Aka nemo ƙannensa kuma. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma da sunan Hannatu, ta rayu har 1883. Wanda ya karanta labarin Yusufu cikin Farawa 45 za ya gane dalilin da ya sa Crowther, in ya tuna da ranar da aka ƙone garinsu, ya kan ce rana ce ta baƙin ciki, ta albarka kuma. Bai taɓa cewa abin da aka yi masa daidai ne ba. Dukan kwanakinsa yana gaba da cinikin bayi, har ya kai ƙarar abin gaban Sarauniya Biktoriya a 1851. Amma ya ga hannun Allah ya fi hannun masu kamunsa tsawo.

Aikin da ya fi daɗewa a kansa shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Littafin da aka fara bugawa, a 1850, shi ne Wasiƙa zuwa ga Romawa, wadda mu ke karantawa yau. Ya kan zauna wurin tsofaffi, da masu duba, da malamai, yana sauraron yadda su ke magana, yana rubuta karin magana da kalmomi masu wuyar samu. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun da ya yi shekara 11 yana tarawa suka ƙone ƙurmus. Mu da mu ke wannan aiki na juyi mun san mutum ya kan yi mako yana neman kalma guda, saboda haka ba mu iya karanta labarin gobaran nan ba tare da jin nauyinta ba. Ya sake farawa. Aka gama dukan Littafin da Yarabanci a 1884. Ya kuma rubuta littattafan koyon karatu na Ibo da na Nufanci.

Ya sake hawa Kwara da Binuwai a 1854 tare da Likita Baikie, wannan karon kuwa ba wanda ya mutu, domin suna shan kwinin kowace rana. A 1857 ya kafa mishan a Onitsha da Gbebe, amma jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse, suka yi wajen shekara guda a bakin kogi. Crowther ya mai da zaman jiran nan makarantar Nufanci. Cikin waɗanda jirgin ya nutse da su akwai wani hafsa, Glover, wanda daga baya ya yi mulkin Ikko, a 1863 kuma ya tara 'yantattun bayi Hausawa ya mai da su sojoji. Zaman Hausawa a garin nan ya girmi hanyar jirgin ƙasa da zangon Agege.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙin mutum na fari da Ekklesiyar Ingila ta ba wannan matsayi. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan jirgin ruwa, Henry Leeke, shugaban jirgin da ya ɗauke shi a 1822.

Akwai abu guda cikin halinsa da ya shafe ku musamman, ku da ke kwana da tashi tare da 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi. Musulmi na cikin waɗanda suka ƙone garinsu, mace Musulma ce kuma ta saye shi a Ijaye. Duk da haka ba a ga ɗaci cikin zamansa da su ba. Yana saurayi a Saliyo ya gwada gardama, ya iske ko ya yi rinjaye ba ya samun kowa sai fushi. Ya bar ta. Ya kan ba da Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta, in an tambaye shi kuwa ya kan buɗe Littafin ya karanta amsa. A 1872 Sarkin Ilori ya kira shi fada a gaban malamai. Aka tambaye shi a kan Yesu ɗan Maryamu, ya sa aka karanta saƙon mala'ika Jibra'ilu cikin Luka sura 1, da maganar Ubangiji cikin Yohanna sura 14. Aka tambayi ranar komowarsa, ya sa aka karanta wuraren da Littafin ya yi magana a kanta. Bai rage kome daga bangaskiyarsa ba, bai kuwa zagi kowa ba, aka sallame shi da girma. Masaba, Sarkin Bida, ya riƙe shi aboki. Daga baya Sarki Maliki na Bida ya aika masa da wasiƙa da Hausa, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana kawo barasa ƙasar Nufe, gama tana lalatar da mutanensa. Wanda aka taɓa musanyarsa da barasa, shi Sarkin Bida ya amince wa da wannan saƙo. A ganinmu mutumin da bai sami sulhu da Allah ba ba za ya iya zama haka da mutanen da ke tuna masa da ranar kamunsa ba.

Yanzu mun zo wurin da ya fi mana wuyar faɗi, domin ya shafi irinmu, masu aikin mishan. Mishan na Kwara duka a hannun 'yan Afirka ya ke, yawancinsu daga Saliyo. Kuɗi kaɗan ne, tashoshi suna nesa da juna, Bishop kuwa sai jirgi ya samu ya ke iya kewaya su. Gaskiya ce waɗansu ma'aikatan sun yi abin kunya, har da mugun laifi a Onitsha wanda ya kai ga shari'a. Gaskiya ce kuma Crowther mai sanyin hali ne, ya fi son jan kunne da kora. Amma a wannan zamani ra'ayin Turawa a kan baƙin mutum ya sāke, 'yan kasuwarsu kuma ba su son ganin 'yan Afirka da iko a bakin kogin. A 1890 waɗansu samari masu aikin bishara suka zo daga Ingila. Biyu daga cikinsu, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, nufinsu su zauna a Lakwaja su kai bishara ƙasar Hausa. Suna sa riga da rawani, suna koyon Hausa, masu himma ne ƙwarai. Brooke yana da shekara 25, Bishop kuwa ya kai 80.

Cikin watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamiti a Onitsha. A gaban tsohon nan samarin suka yi ta ɗora wa ma'aikatansa laifi, suka dakatar da limaman da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, ba tare da sun bar masa ikon da ke nasa ba. Aikin shekara 33 aka ce da shi ruɓaɓɓe ne. Crowther ya sauka daga shugabancin kwamitin.

Kada kowa ya ce abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi, har ya taɓa lafiyarsa. Salama da Allah ba ta hana mutum jin zafin wulakanci, Bulus ma cikin sura ɗin nan ta 5 ya haɗa ta da ƙunci a wuri ɗaya. Abin dubawa shi ne abin da tsohon ya yi. Ikko ta cika da fushi, waɗansu suna so a rabu da Turawa ɗungum, da ya ɗaga hannu kuwa da dubbai sun bi shi. Bai yi ba. Ya amsa ƙararrakin da aka kawo a rubuce, da natsuwa, ya tsaya a kan cewa ba a hukunta mutum sai da shaida. Ya goyi bayan ikilisiyoyin bakin teku, su Bonny, su riƙe kansu da kuɗinsu, amma a cikin Ekklesiya ɗaya. Yana yaro, sa'anda aka raba shi da kome, ya nemi igiya. A Onitsha an sake raba shi da aikinsa da girmansa, ya koma Bonny ya ci gaba da wa'azi. Tsakanin ranakun nan biyu akwai abin da ya karɓa a 1825, wanda ba kwamiti ne ya ba shi ba, kwamiti kuwa bai iya ƙwace shi ba.

Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya buge shi a Bonny. Aka kawo shi Ikko, ya rasu ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja cikin shekaran nan, Brooke kuma ya bi su a watan Maris na 1892, ba wanda ya kai Kano a cikinsu. Ba mu ce mugaye ne ba, gama su ma sun ba da ransu; himma ce ba tare da tawali'u ba. Ɗaya daga cikin abokansu, Dobinson, ya rayu har ya gane kuskurensa, ya nemi gafara a fili. Ɗan'uwan Robinson, Charles, ya isa Kano a 1894, ya kuma rubuta ƙamus na Hausa. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932, shekara 91 bayan tafiyar Crowther da Schön. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, aka kuwa yi kusan shekara 60 kafin a sake danƙa wa ɗan ƙasa riƙon dayosis a Nijeriya. A 2014, shekara 150 bayan keɓewarsa, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya tsaya cikin majami'ar da aka keɓe shi ya furta tuban Ekklesiyar Ingila a kan abin da aka yi masa.

An fara binne shi a maƙabartar Ajele cikin tsibirin Ikko. Cikin shekarun 1970, da gwamnati ta bukaci filin domin gine-gine, aka tone ƙasusuwansa aka sake binne su da girmamawa, aka kuma kafa dutsen tunawa da shi a babbar majami'ar Kristi da ke Marina. Wanda sayayya ta kai shi Idumota ko Balogun daga Agege yana iya ƙarasawa da ƙafa ya gani. Majami'ar tana fuskantar ruwan da jirgin Fotugal ya bi da shi a 1822.